San Marco, Signoria ko Campo: wane dandali za ka ba ranarka ɗaya a Italiya?

'Yan'uwa masu zuwa Italiya, ko ɗalibai ne ko 'yan kasuwa masu zuwa sarin takalma da jakunkuna ko waɗanda aiki ya kai su taro, tambayarsu kusan ɗaya ce: ina da rana ɗaya ko biyu rara kafin jirgina ya tashi, ina zan je in ga ginin da zai tsaya min a rai? Kuma yawanci mutum da amsarsa ya zo, Benis, don ita yake gani a hotunan Instagram. To ni ban ce kar a je Benis ba, amma dai gara mutum ya san me yake zaɓa kafin ya yanki tikiti, domin tsofaffin biranen Italiya kowanne yana da dandali a tsakiyarsa inda aka zuba duk gwanintar gini da sassaƙa da garin yake taƙama da ita, kuma dandalin nan sun sha bamban sosai da juna. Uku zan ɗauka, San Marco na Benis, Signoria na Fulorens, sai Campo na Siyena. A allon tashar jirgin ƙasa Venezia da Firenze da Siena za ka gani a rubuce, ka riƙe wannan.

Bari in faɗi inda na karkata tun yanzu don kar in ja ku da nisa. In rana ɗaya ce tak kuma gini kake son gani da idonka, ni Siyena zan tura ka. Amma akwai mutanen da wannan shawarar ba za ta yi musu ba, zan zo kansu.

Fulorens tukuna, don ita ce ta fi sauƙin zuwa, daga Roma awa ɗaya da rabi ne a jirgin ƙasa mai gudu, daga Milan kamar awa biyu, kuma daga tasha zuwa dandalin tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙasa, ba hawa ba gangara. Dandalin Signoria shi kansa ba shi da wani tsari mai kyau, a karkace yake kamar kwana, dalili kuwa ba zama aka yi aka zana shi ba, gidajen wani babban dangi ne mai suna Uberti aka rushe a ƙarni na 13 bayan ɓangarensu ya sha kaye a rikicin siyasar garin, aka bar filin haka nan. A gefensa aka fara gina Palazzo Vecchio a 1299, fadar gwamnatin garin, gini ne na ɗanyen dutse mai kama da sansanin yaƙi, tagogi ƙanana, sama an yi masa baranda mai haƙora inda masu gadi suke tsayawa, hasumiyarsa mita 94 kuma ba a tsakiya take ba saboda a kan wata tsohuwar hasumiya aka ɗora ta. Har yau ofishin magajin garin yana ciki.

Abin da ke kai mutane Signoria shi ne mutum-mutumi, an jera su a fili kamar gidan tarihi marar rufi. Akwai wata babbar rumfa mai baka uku, Loggia dei Lanzi, da aka gina tsakanin 1376 da 1382, shiga kyauta ne, kuma abin da ke cikinta na asali ne ba kwafi ba. A nan za ka ga aikin tagulla na Benvenuto Cellini da aka buɗe a 1554, wani jarumin tatsuniyar Girkawa riƙe da kan da ya sare, shi Cellini da kansa ya ba da labarin cewa ana cikin narka ƙarfen ya fara daskarewa sai da ya kwaso kwanuka da farantan gidansa ya zuba a wutar kafin ya gudana. Ga na Giambologna na 1583, mutum uku a murɗe da juna daga dunƙulen marmara guda ɗaya, duk ta inda ka zaga sai ka ga kamar nan ne gabansa. Wajen iya hannu kam ba magana.

Amma fa ga abin da ba a cika gaya wa mutanenmu ba sai sun je sun gani. Kusan duk mutum-mutumin nan tsirara suke, tsirara sosai, kuma manya ne, ba yadda za ka yi ka kauce musu. Wanda ya fi suna, na Michelangelo da ya gama a 1504, tsayinsa ya haura mita biyar, yana tsaye a bakin ƙofar fadar (na wurin kwafi ne da aka sa a 1910, na asalin an mai da shi gidan tarihi na Accademia tun 1873), kuma su a nufinsu Dauda ne lokacin da zai fuskanci Jaluta. Musulmi da yawa abin yana sosa musu rai, har Kiristocinmu ma na ga waɗanda suka kau da kai. In kana tare da Hajiya ko surukai ko 'ya'yanka mata, ka san da wannan kafin ka kai su, kar ku iso kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Wannan kaɗai ya isa ya cire Signoria daga lissafin wasu iyalan, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya je kuma, ya duba ƙasa a gaban maɓuɓɓugar ruwan nan mai babban farin gunki, akwai wani zagayayyen dutse mai rubutu, nan ne aka rataye Savonarola aka ƙona shi ranar 23 ga Mayun 1498, wani mai wa'azi ne da ya yi ta yaƙi da almubazzaranci da holewar garin har ya sa aka tara madubai da kayan kwalliya da katin caca da zane-zane aka banka musu wuta a wannan filin a 1497, shekara ɗaya bayan nan aka juya masa baya. Mutane suna ta taka wurin ba su ma lura ba.

To Benis. Ita kam in ka shigo ta ruwa, ka hau jirgin haya daga tashar Santa Lucia ya bi da kai babban mashigin ruwan garin har ya fito fili, ka hango fadar nan mai ruwan hoda da hasumiya da manyan ginshiƙai biyu a bakin ruwa, wallahi sai ka yi shiru. Babu wani dandali a cikin ukun da yake tarbar baƙo haka. Dandalin dogo ne, wajen mita 175, yana ƙara faɗi yayin da kake matsawa wajen cocin, gefe uku duk dogayen gine-gine ne masu baka a jere a jere inda manyan jami'an gwamnati suke da ofisoshi da gidaje a da, ɓangaren ƙarshe kuwa zamanin Napoleon aka yi shi bayan an rushe wani coci da ke wurin.

Cocin San Marco shi ne zuciyar wurin, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Santambul ko Alƙahira zai ji kamar ya san ginin nan daga wani wuri. Ƙubba biyar gare shi, an fara wannan ginin na yanzu a 1063, an kwaikwayi wani coci ne na Kustantiniya, wato Santambul ta yau, cikinsa kuma daga bango har rufi an lulluɓe da ƙananan gutsattsarin gilashi masu zinare a ciki da aka jera ɗaya bayan ɗaya, faɗin abin ya haura murabba'in mita 8,000. Ba a jera su sumul ba, kowane ɗan gutsure da ɗan karkatarsa, shi ya sa in haske ya bugi bangon sai ka ga kamar yana motsi. Ka kuma duba ƙasa, daɓen marmarar ya yi tudu da kwari saboda ginin a kan laka da turakun itace yake zaune, ƙafarka za ta ji.

Abin da ya sa nake cewa Benis tana da wani abu na musamman ga mai karatun tarihi a cikinmu shi ne arziƙin garin daga kasuwanci da ƙasashen Musulmi ya fito, Masar da Sham da daular Usmaniyya, barkono da kayan ƙamshi da alharini da auduga, kuma abin ya fito a jikin ginin. Shi kansa cocin dalilin gina shi gawar Markus ce, wanda Kiristoci suke danganta wa ɗaya daga cikin littattafan Linjila, wasu 'yan kasuwar Benis biyu ne suka ɗauko ta daga Iskandariya a shekarar 828, kuma labarin da mutanen garin suke bayarwa shi ne sun rufe ta da naman alade don kar jami'an kwastan Musulmi su bincika kwandon. Suna alfahari da labarin har sun zana shi a saman ƙofar da ke ƙarshen hannun dama, za ka ga masu rawani suna kau da fuska. Ba labari ne mai daɗin ji a wajenmu ba, amma gara ka gani da idonka ka san yadda suke kallon abin. A ɗakin ajiyar dukiyar cocin kuma akwai wata buta da aka sassaƙa daga dutse mai haske kamar gilashi, aikin Masar ne zamanin Faɗimiyya, da rubutun Larabci ɗauke da sunan halifa Al-Aziz Billah wanda ya yi mulki daga 975 zuwa 996. Masana tarihin gini da dama suna ganin hannun gabas a siffar ƙubbobin da kuma adon bangon fadar da ke kusa.

Wani abin kuma, kayan ganima ne da yawa a jikin cocin. Dawakan nan huɗu na tagulla da ke saman babbar ƙofa daga Kustantiniya aka kwaso su a 1204, lokacin da rundunar 'yan Salibiyya ta bar inda ta nufa ta afka wa birnin 'yan'uwanta Kiristoci, sai Napoleon shi ma ya kwashe su zuwa Faris a 1797, aka dawo da su a 1815. Na waje kwafi ne, na asalin suna ciki a bene, kuma in ka biya ka hau ka gan su sai ka fita barandar ka kalli dandalin duka daga sama, wannan kuɗin bai faɗi a banza ba.

Fadar Doje, wato shugaban da manyan garin suke zaɓa ba gado ba, ita ce ginin da na fi so a Benis. An juya ta ne, ƙasa ginshiƙai ne da baka sirara iska tana ratsawa, sama kuma ƙaton bango mai nauyi da aka yi wa ado da farin dutse da jan marmara, a ido kamar bai kamata ta tsaya ba amma ɓangaren da ke kallon ruwa tun 1340 aka fara shi. A ciki akwai zauren babbar majalisa, tsawonsa ya haura mita 50 babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, a saman bango an jera hotunan shugabannin garin sai wuri ɗaya da aka zana baƙin ƙyalle, na Marin Faliero ne da aka fille wa kai a 1355 saboda ya yi yunƙurin ƙwace mulki shi kaɗai. Hasumiyar dandalin kuma kusan mita 99 ce, da lifta ake hawa, wadda kake gani sabuwa ce don ta asalin ta zube gaba ɗaya ranar 14 ga Yulin 1902 ba ta kashe mutum ko ɗaya ba, aka sake gina ta yadda take aka buɗe a 1912.

To me ya sa duk da wannan ban ce Benis kai tsaye ba? Cunkoso ne na farko, daga wajen ƙarfe goma na safe zuwa la'asar ba ka ganin daɓen dandalin don mutane, layi a ƙofar coci layi a ƙofar fada layi a hasumiya, in ba ka sayi tikiti ta intanet tun kafin ka zo ba rabin ranarka a tsaye za ta ƙare. Na biyu ba wurin zama, an hana zama a ƙasa ko a matakala ka ci abinci kuma ana cin tara, har ba tattabaru hatsi an hana tun 2008, in ka gaji sai dai ka zauna a gidan shayi irin su Florian da yake nan tun 1720, wurin yana da kyau ƙwarai amma kofi ɗaya kuɗin abincin rana ne a wani garin kuma in makaɗa suna wasa sai an ƙara maka kuɗin kiɗa a kai. Jirgin haya na ruwa tafiya ɗaya kusan yuro goma. Tun Afrilun 2024 kuma akwai ranakun da mai zuwa ya koma a rana ɗaya sai ya biya kuɗin shiga garin, da yuro biyar aka fara, ka duba ko ranarka tana ciki. Na uku ruwa. San Marco yana cikin wurare mafi ƙasa a garin, daga kaka zuwa tsakiyar hunturu in teku ta cika ruwan ta magudanun daɓen yake ɓulɓulowa, sai a jera katakai a bi ta kai, a 1966 cikar ta kai santimita 194 a ma'aunin tsayin teku na garin (ba zurfin ruwan da ke kan daɓen ba), a Nuwamban 2019 ta kai 187. Tun 2020 akwai shingen da ake ɗagawa a bakin teku ya tare babbar ambaliya, amma ƙaramar cika har yanzu tana jiƙa dandalin. Sannan abu na ƙarshe wanda shi ya fi damuna, da wuya ka ga ɗan gari a wurin, kusan kowa baƙo ne kamarka da waya a hannu.

Siyena daban ce. Gari ne ƙarami a kan tuddai uku, kamar kilomita 70 kudu da Fulorens, kuma ba ka hango Campo daga nesa, kana tafiya ne a lungu mai duhu tsakanin dogayen gidajen jan bulo sai ka ga wata 'yar gangara ta ƙarƙashin baka, ka bi, kawai sai fili ya buɗe a gabanka. Rabin da'ira ne kuma gangare, duk filin yana sulalewa zuwa wuri ɗaya, gaban fadar gwamnati. An shimfiɗe shi da jan bulo a tsaye a kan gefensa, an jera shi saƙa-saƙa, sai aka ja layukan farin dutse daga ƙasa suka bazu sama suka raba shi gida tara, don tunawa da majalisar mutum tara, 'yan kasuwa da masu harkar kuɗi, da suka mulki garin daga 1287 zuwa 1355. In aka yi ruwan sama ka tsaya ka kalli yadda ruwan yake bin layukan nan yana taruwa a magudana ɗaya a ƙasa, a nan za ka gane cewa adon da aikin abu ɗaya ne, maginan ba su raba su ba.

Ga abin da ya sa nake fifita shi. A Fulorens abubuwan da aka ajiye a dandalin ake kallo, a Benis gine-ginen da ke kewaye ake kallo, a Siyena filin da kansa shi ne aikin. Tun 1297, shekarar da aka fara fadar, hukumar garin ta kafa doka cewa duk mai gina gida yana kallon Campo sai tagoginsa sun dace da na fadar, ba a yarda kowa ya fito da baranda yadda ya ga dama ba. Ka duba fa, sama da shekara ɗari bakwai da suka wuce mutane suka zauna suka ce kyan gari haƙƙin kowa ne, mai kuɗi ba zai ɓata shi don gidansa ya fi na maƙwabci fitowa ba. Wasu gidajen an sake musu fuska daga baya amma har yau da'irar ba ta karye ba. Ita fadar, Palazzo Pubblico, ƙasanta dutse samanta bulo, an ɗan lanƙwasa fuskarta ta bi zagayen filin, kuma babu babban coci a dandalin, babban cocin garin yana can kan wani tudun, nan wurin jama'a ne da kasuwa da hukuma. Ga mai tafiya da iyali kuma hankali kwance, ba a cika filin da gumaka ba.

Hasumiyar, Torre del Mangia, siririya ce doguwa mita 88, jan bulo har kusan sama sannan farin dutse, an gama ta a 1348. Babu lifta, matakala wajen 400 ce kuma matsattsiya, mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura. A shekarar da aka gama ta annobar nan da ta share Turai ta shigo garin ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ɗan ƙaramin ɗakin ibadar marmara da ke gindin hasumiyar waɗanda suka tsira ne suka fara gina shi a 1352 don godiya. Garin bai sake komawa ƙarfinsa na da ba, a 1555 kuma ya faɗi bayan doguwar kewayewa ya koma ƙarƙashin masu mulkin Fulorens, tsofaffin abokan gabarsa. Rashin kuɗin rushewa a sake sabo shi ya bar mana tsakiyar garin kusan yadda yake, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. A saman filin akwai wurin ruwa, Fonte Gaia, aikin Jacopo della Quercia na 1419, wanda ke wurin kwafi ne na ƙarni na 19, amma abin burgewar yana ƙarƙashin ƙasa: Siyena ba ta da kogi, sai da suka haƙa ramuka na wajen kilomita 25 da hannu suka jawo ruwa daga tuddai zuwa tsakiyar gari.

In ka je kar ka tsaya a waje, ka biya ka shiga fadar, akwai ɗakin da mutum taran nan suke zama, bangonsa uku Ambrogio Lorenzetti ya zane su a 1338 zuwa 1339, irin zanen da ake yi tun shafen bango yana ɗanye launin ya shige ciki. Bango ɗaya shugabanci nagari ne da Adalci riƙe da ma'auni, igiya ta fito daga ma'aunin ta bi ta hannun 'yan gari suna riƙe da ita a jere har zuwa hannun mai mulki. Na biyun abin da adalci yake haifarwa: magina a kan rufi suna aiki, mai ɗinkin takalma a shagonsa, malami da ɗalibai a gabansa, masu rawa a titi, jakuna da kaya suna shigowa ta ƙofar gari, a waje manoma suna huɗa suna girbi hankali kwance. Na ukun kuma azzalumin shugaba ne da ƙaho da fiƙa, an ɗaure Adalci an yar a ƙarƙashin ƙafarsa, gidaje suna rushewa, sojoji suna kama mutane, gonaki sun ƙone, ba mai aiki a garin sai maƙerin makamai. Wannan bangon ya fi sauran lalacewa amma ana gani. Masu mulkin ne da kansu suka biya aka zana musu wannan a ɗakin da suke yanke hukunci, don kullum in sun ɗaga kai su gani. Duk ɗan ƙasarmu da ya tsaya a ɗakin nan ba sai an yi masa bayani ba, ya san gonar da aka daina nomawa don tsoro. Ni a wajena ɗakin nan kaɗai ya biya kuɗin motar.

Sannan a Campo zama ake yi, a kan bulon, kyauta. Ɗaliban jami'a, tsofaffi, yara suna gudu a gangaren, da yamma bulon yana riƙe da ɗumin rana. Baƙi suna da yawa a nan ma, ba zan ɓoye ba, amma garin na masu shi ne har yanzu.

Yanzu waɗanda shawarar Siyena ba za ta yi musu ba. In a Milan kake kuma rana ɗaya gare ka, manta da ita, jirgi mai gudu ba ya zuwa can, sai ka sauka a Fulorens ka canza, ranar za ta ƙare a hanya, alhali Benis awa biyu da rabi ce kai tsaye, ka kama jirgin farko na asuba ka riga cunkoso. In da tsofaffi kake tafe, Siyena hawa da gangara ce ko'ina, Benis kuma gadoji ne masu matakala amma jirgin ruwa zai sauke ku dab da San Marco, don haka ita ta fi. In hoto kake so na nuna wa gida, Benis. In kai ɗalibin zane ne ko sassaƙa kuma tsiraicin gunki ba zai hana ka karatu ba, Fulorens, ga gidan tarihi na Uffizi a manne da dandalin. Amma in daga Roma ko Fulorens kake, ko kai magini ne ko injiniya ko mai karatun tsara birane, ko aljihun ba nauyi, Siyena. Daga Fulorens bas ya fi jirgin ƙasa, awa ɗaya da kwata ne kuma a saman gari yake sauke ka, tashar jirgin tana can ƙasan tudu. Wajen abinci ka yi hattara a Fulorens da Siyena don yankin naman alade ne sosai har a miyar taliya, ka tambaya kafin a zuba, a Benis kuwa kifi ya wadata.

Sai maganar ranaku biyu da lissafin yake canzawa gaba ɗaya, 2 ga Yuli da 16 ga Agusta, ranakun sukuwar Palio. Ana zuba ƙasa a zagayen Campo a mai da shi filin tsere, garin yana da unguwanni 17 kowacce da tutarta da alamarta, akwai ta Katantanwa, ta Raƙumin Dawa, ta Mujiya, ta Kunkuru, ta Beguwa, goma ne suke shiga kowace sukuwa, dokin ma da ƙuri'a ake raba shi. Kafin a fara ana jerin gwano da kayan da da tutoci da ganguna wanda zai tuna maka da hawan sallah a ƙofar fada, amma sukuwar kanta ba ta ado ba ce, ba sirdi, zagaye uku ne cikin kamar minti ɗaya da rabi, mahaya suna dukan juna da bulala, akwai wata muguwar kwana da ake jera katifu a bango saboda faɗuwa, kuma doki yana iya cin tseren ko da ya yar da mahayinsa. Dawakai suna jin rauni, wasu har mutuwa, shi ya sa masu kare dabbobi suke ta suka a kai, mai son doki ya san da haka. Tsayawa a tsakiyar filin kyauta ne amma sai ka shiga da wuri ka yi awoyi a rana, in an rufe ba fita ba bayan gida, bai dace da yara ko tsofaffi ba, kuma ranar ba za ka ga bulo ko layin dutse ko ɗaya ba sai kawunan mutane. In dawakan kake so ka gani ba tare da wannan wahalar ba, ana raba su ga unguwanni ranar 29 ga Yuni da 13 ga Agusta, daga nan kuma ana gwajin gudu safe da yamma har zuwa ranar, ka je na safe, mutane ba su kai haka yawa ba. In kuma ginin ne ya kawo ka, ka kauce wa makon gaba ɗaya, ka zo a Mayu ko ƙarshen Satumba.